Kafintan da Ya Kama Hayar Sunansa

A layin kafintoci babu mai kiransa da sunansa na yanka. Sau-ɗaya ake ce masa, babba da yaro, har matarsa in ta tashi tsokana. Sunan kuwa ba a bakin titi ya tsince shi ba. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da zarto, kuma a cikinsu ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya gyara ba. In ya yi maka ƙofa, to kai da shi sai dai gaisuwa. Gadon da ya yi wa wata mata tana amarya, a kansa ta goyi 'ya'ya bakwai, yanzu jikoki ke tsalle a kai, ko ƙara bai taɓa yi ba. Wannan suna shi ne dukiyarsa kaf, don in ka cire shi, abin da ya rage rumfar kwano ce da benci biyu da tsohon keke.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farcen babban yatsansa na hagu baƙi ƙirin tun wata guduma da ta kuskure ƙusa yana saurayi. Fensir ba ya barin bayan kunnensa. Da shi ya halarci auren 'yarsa, sai a hoto aka gani. Kuma yana da wani hali da ya daɗe yana ba matarsa kunya. Duk gidan da suka je, kafin ya zauna sai ya girgiza kujera. Ana cikin gaisuwa za ka ga ya miƙe ya buɗe ƙofar mutane ya rufe, ya sake buɗewa, ya kaɗa kai. An taɓa zuwa duba mara lafiya a asibiti, aka neme shi aka rasa, ashe yana durƙushe yana ɗaure ƙafar durowar da ke gefen gadon.

Abin da ya tsana a duniya shi ne kafa, wato ɗan tsagin nan da ake bari tsakanin katako da katako. A wurinsa kafa rashin mutunci ce. Ta nan ƙura ke shiga, ta nan kyankyaso ke shiga, ta nan ruwa ke samun hanya ya ruɓar da aiki. Yana da reza guda a aljihun gaba, in ya gama haɗa abu sai ya bi kowace gaɓa da ita. In bakin rezar ya shiga, to sai ya wargaza ya sake, ko da mai kaya na tsaye yana jira.

To, duniya dai ba ta tsaya jiran mai reza ba. Shaguna suka cika da kujeru masu sheƙi, na garin katako da gam, irin waɗanda in ruwa ya taɓa su suke kumbura kamar burodi. Mutane suka koma zaɓen gado a waya suna kwance. Sau-ɗaya sai ya wuni yana wasa kayan aikin da ba su da abin yi. Ba ya ƙorafi, amma matarsa ta lura ya fara dawowa gida tun rana na tsaka, tufafinsa tsaf babu garin katako.

Babbar 'yarsa, wadda ke koyar da lissafi a makarantar sakandare, ita ce ta zo wata Asabar da kwamfuta a jaka. Ta ce aikinsa ba shi da aibi, ganinsa ne ba a yi. Za ta sa a buɗe masa shafi a intanet, a zuba hotunan aikinsa da lambar wayarsa, duk mai neman kafinta ya gan shi daga ɗakinsa. Ya ce to, ai ba zunubi ba ne. Ta ce abu biyu ake fara nema: suna, wanda shi ne kamar allon da ake rataye wa a ƙofar shago, da kuma wurin zama, inda za a ajiye hotunan da rubutun. Ya ce suna ai yana da shi, ta rubuta kawai.

Ta rubuta, sai ta ce an riga an ɗauka. Wani ne a wata ƙasa ya kama sunan, bai yi komai da shi ba, ya ajiye ne kawai yana jiran mai so ya zo a daidaita. Sau-ɗaya ya leƙa fuskar kwamfutar kamar zai hango mutumin a ciki. Ya tambaya ko kafinta ne. Ta ce ba ta jin ya taɓa riƙe guduma. Ya tambaya ko ya san shi, ko wani ya ba shi labarinsa. Ta ce bai ma san akwai shi a duniya ba. Suka ƙara kalmar kafinta a gaban sunan, aka samu wannan babu kowa a kai, sai ta ce za a biya na shekara ɗaya tukuna.

"Na shekara ɗaya? Ba saye ake yi ba?"

"Haya ce, Baba. Duk shekara ake sabuntawa. In aka manta, wani yana iya ɗauka."

"Sunan nawa zan kama haya?"

Ya cire fensir daga kunne ya dube shi, ya mayar. Matarsa da ke tankaɗe a bakin ƙofa ta ce ai gara ya biya da wuri, kada ta wayi gari ta tarar wani ne Sau-ɗaya, ita kuma ba ta san inda za ta kai abinci ba. Bai yi dariya ba. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, ya wuni yana maimaita wa kansa cewa sunan da ya yi shekara talatin da huɗu yana ginawa da hannu, yau an ce mantuwar rana ɗaya tana iya raba shi da shi.

Wurin zaman kuwa shi ya fi tayar da ƙura. 'Yar ta riga ta zaɓo kamfani uku manya, ta jera masa su: wannan ya fi sauƙin kuɗi, wannan ya fi sauri, wannan kuma in matsala ta taso akwai mai amsa waya kowane lokaci. Ya saurara har ta gama, sannan ya tambayi inda ginin yake. Ta ce a ƙetaren teku. Ya tambayi mai gidan. Ta ce kamfani ne, babu wani mutum guda. Ya ce in rufi ya yi yoyo wa zai kama? Shi tunda yake bai taɓa karɓar shago bai ƙwanƙwasa bango ya ji ƙarfinsa ba, bai ga idon mai gida ba. Ta yi bayani har muryarta ta dushe, cewa manyan kamfanonin nan suna ajiye kwafin kayanka a wuri biyu ko uku, in ɗaya ya lalace ɗaya na nan. Ya kafe. Ya ce suna dai an ci ƙarfinsa ya kama haya a hannun wanda bai gani ba, amma hotunan aikinsa ba za su kwana a gidan da bai san ƙofarsa ba.

Da ta ci tura, sai ta nemo masa abin da yake so. Akwai wani da ake kira Injiniya, layi biyu daga rumfarsa, a saman wani kantin magani. Yana da na'urarsa ta kansa, kuma masu ƙananan sana'o'i wajen arba'in a unguwar a wurinsa suke ajiye shafukansu. Ta ce ita dai ba zaɓinta ba ne, a shaida. Ya ce ya ji, ta kai shi.

Injiniya siriri ne mai gilashi, bai wuce talatin da biyar ba, mai ladabi da yawan murmushi. Ya tashi ya ba Baba kujerarsa, Baba ya girgiza ta ya zauna. Da Injiniya ya ji buƙatar, dariya ta so ƙwace masa, ya danne, ya ce wannan ne karo na farko da wani ya nemi ganin wurin. Ya buɗe wata ƙofa a bayan ofishin.

Ɗan ɗaki ne da bai fi banɗaki girma ba. A tsakiya ga wata baƙar na'ura mai girman akwatin tafiya, tana gurnani ba tsayawa, ƙananan fitilu na ƙyaftawa a jikinta. A gefenta ga wani ƙaramin akwati kamar littafi, waya ta haɗa su. Fanka mai tsaye na kaɗawa a kusurwa. Amma duk ba wannan Sau-ɗaya ya gani ba. Teburin ya gani. Tebur ne na leda da ƙarfe, ƙafa ɗaya ta gajarce an cusa mata ninkakken kwali. Tagar sama ba ta rufuwa sosai, ga sawun ruwan sama a bango, ga kashin ɓera a ƙasa dab da wayoyi. Ya sa yatsa ɗaya ya taɓa gefen teburin, teburin ya rausaya, na'urar ta rausaya tare da shi.

"Yanzu shagon mutum arba'in ne a kan wannan?"

"Arba'in da ɗaya da naka, Baba."

Suka fito daga ɗakin. Sai da suka kusa gida Sau-ɗaya ya ce yaron kirki ne, amma a hannun Allah kawai yake zaune. Duk da haka a wurinsa ya zaɓa, don ya ga bango, ya ga mai gida.

Cikin mako biyu shafi ya tashi. Ga sunansa a sama, ga ƙofofi da gadaje da kabad-kabad a jere. Ba a yi wata ba wata mata daga can ƙarshen gari ta kira, ta ce ta ga wani teburin cin abinci a shafinsa, irinsa take so. Ya riƙe wayar da hannu biyu, ya tambaye ta sau uku wanda ya turo ta, ta ce babu kowa. Bayanta wani mai makaranta ya nemi benci ashirin. Garin katako ya dawo jikin tufafi, matarsa ta dawo mitar wanki. Shi kuwa kullum ya wuce ta gaban kantin maganin sai ya ɗaga kai ya dubi tagar nan, ya tuna da ninkakken kwali, ransa ya ɓaci. Yaron ya yi masa alheri, ga shi bai rama da komai ba.

Dama ta zo ne da aka kwantar da mahaifiyar Injiniya za a yi mata aiki a wani gari. Injiniya ya biyo ta rumfa da jakarsa a kafaɗa, yana sauri, ya ce zai yi kamar mako guda. Ya miƙa makulli ya ce tunda Baba ya dame shi da maganar teburin nan, in ya samu sarari ya ɗan gyara masa ƙafar. Abu ɗaya kawai ya roƙa: kada a cire ko waya ɗaya, kada a kashe na'urar. Sau-ɗaya ya ce ya tafi hankali kwance, Allah ya ba ta lafiya.

Wai ƙafar tebur! Ka ba Sau-ɗaya makullin ɗaki irin wannan ka ce ya tsaya a ƙafar tebur? Washegari da sassafe yana can da abin awo. Ya auna na'urar ta kowane gefe, ya auna ƙaramin akwatin, ya auna kaurin kowace waya. Ya koma rumfa ya jawo wasu katakai da ya ɓoye a bayan benci shekara tara, jajaye masu nauyi, waɗanda ya hana attajirai biyu saboda a ganinsa ba su cancanta ba. Kwana huɗu ya ajiye aikin benci ashirin ya duƙufa.

Gaskiya a faɗe ta, aikin ya yi kyau har ya wuce misali. Da yake an ce kada a cire waya, sai ya gina kabad ɗin a kewaye da na'urar tana aiki, bango bayan bango, ya zare tsohon teburin daga ƙarƙashinta a hankali kamar mai zare zani daga ƙarƙashin jariri mai barci. Ko ƙyaftawa fitilun ba su fasa ba. Ya yi wa ƙaramin akwatin 'yar kantarsa a ciki, kusa da uwarsa. Inda wayoyi ke fita ya huda daidai kaurinsu, ya zagaye da roba, yadda ko tururuwa ba za ta samu hanya ba, balle ɓera. Gurnanin nan da ke damun mutane kuwa ya yi maganinsa, ya lulluɓe cikin kabad ɗin da soso mai kauri ta ko'ina. Ya rufe ƙofa, ta shige da ɗan numfashi. Ya fito da reza ya bi kowace gaɓa, sama da ƙasa, gaba da baya, ba ta shiga ko'ina ba.

Ɗakin ya yi tsit. Ya tsaya yana saurare, daɗi ya cika shi har ya ji idonsa na neman kawo ruwa, don ya san a rayuwarsa bai taɓa haɗa abin da ya kai wannan ba. Da zai fita ya ga fanka na ta kaɗawa a kusurwa, ba kowa a ɗakin. Ya ce yaran zamani ba su san zafin kuɗin wuta ba, ya kashe ta, ya kulle ƙofa.

Kwana biyu bayan haka 'yarsa ta kira daga makaranta ta ce shafin ba ya buɗuwa. Ya ce ƙila wayarta ce. Da yamma Injiniya ya kira, muryarsa ba daidai ba, ya ce mutane sun dame shi tun safe, yana hanya, Baba ya same shi a ofis da makulli. Sau-ɗaya ya sa riga mai tsabta ya tafi da wuri. Har a lokacin, wallahi, abin da ke ransa shi ne ganin fuskar yaron in ya ga kyautar.

Ya kuwa gani. Injiniya ya tura ƙofar ɗakin ya tsaya cak, jakarsa ta zame daga kafaɗa ta faɗi. Ya dubi kabad, ya dubi fankar da ke tsaye shiru, ya sake duban kabad. Ya taka ya kama marikin ƙofar ya ja, sai wani zafi ya bugo su kamar an buɗe tanda, da warin ƙonanniyar roba. Soson ciki ya narke ya manne a jikin na'urar. Babu gurnani, babu fitila ko ɗaya.

"Baba," ya ce a hankali, "numfashi take yi. Iska take ja ta gaba, ta fitar da zafi ta baya. Fankar nan tata ce, ba tawa ba."

Da ƙyar Sau-ɗaya ya ce ai 'yarsa ta ce ana ajiye kwafi. Injiniya ya miƙa hannu cikin kabad, ya ɗauko ƙaramin akwatin daga kan kantar da aka yi masa, ya yi saurin sauya hannu saboda zafi. Ya ce wannan ne kwafin.

Suka zauna a ƙasa su biyu, babu wanda ya tuna da kujera. Can Injiniya ya cire gilashi ya goge, ya ce laifin nasa ne. Shi ya ba da makulli bai yi bayani ba, shi ya ajiye kwafi a gefen asali don ƙyashin biyan wani wurin, kuma na'urar tsohuwa ce, ya daɗe da sanin ba ta kashe kanta in ta yi zafi. Ya ce zai gaya wa mutane na'ura ta ƙone, iyakarta ke nan, sunan Baba ba zai fito daga bakinsa ba. Su kwashe katakan kafin wani ya hawo. Da hannunsa Sau-ɗaya ya wargaza kabad ɗin, gaɓoɓin suka ƙi rabuwa sai da ya sa guduma.

A kwanakin da suka biyo baya Injiniya ya mayar da kowa wani babban kamfani, ɗaya daga cikin ukun nan da 'yar ta jera tun farko. Sunayen ba su ƙone ba, don ashe ba a cikin na'urar suke ba. Yawancin shafukan ma an sake tayar da su, tunda hotuna suna nan a wayoyin masu su. 'Yar ba ta ce ai na faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi masa zafi a kan da ta faɗa. Ita ce kuma ta kawo labarin da ya hana shi sukuni. Akwai mutum ɗaya da nata bai dawo ba: wata mai ɗinki a layin bayan kasuwa. Ba hotuna kawai ta ajiye ba. Awon masu kawo mata ɗinki ne gaba ɗaya a ciki, mata ɗari shida da 'yan kai, na shekara tara. Wasu sun bar gari, waya kawai suke yi a ɗinka a aika musu. Littattafan da take rubutawa a da kuwa ta zubar tun da Injiniya ya tabbatar mata an shigar da komai.

Da hoto ne ko rubutu, ƙila da ya iya daurewa. Amma awo? Mutumin da ya san in ka rasa awon ƙofa ɗaya sai ka sake taka ƙafa har gidan mai ita, shi aka ce ya ƙona awo ɗari shida. Yana cin abinci ne aka gaya masa, ya ajiye cokali, bai ƙara kai loma ba.

Matarsa ta zaunar da shi ta yi masa magana ta hankali. Ta ce yaron nan ya rufa masa asiri don Allah, kada ya je ya yaye da kansa. Faɗar ba za ta dawo da awo ko ɗaya ba. Sunan nan shi suke ci shi suke sha, yanzu ne ma ya fara kawo aiki, in layin kafintoci suka ji wannan labari, har ya mutu da shi za a riƙa yi masa dariya. 'Yar ma, duk gaskiyarta, ta ce ya bari ƙura ta lafa tukuna. Ya ce ya ji. Kwana uku yana zuwa rumfa, ya auna katako, ya ja layi, ya ɗauki zarto, sai ya ajiye ya sake aunawa. Benci ko ɗaya bai haɗa ba. A rana ta huɗu mai kantin magani ya zo wucewa, ya tsaya gaisawa, yake ba shi labari cewa mutum goma sha biyu sun janye daga wurin Injiniya, kuma mai ɗinkin nan ta hau har sama ta yi masa tas a gaban jama'a, ta kira shi sakarai mai wasa da abincin mutane, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri.

Ko gida bai biya ba. Ya rufe rumfa ya nufi layin bayan kasuwa.

Shagon ɗan tsukuku ne, keken ɗinki uku, yadi jibge har rufi, labule a kusurwa inda ake awo. Mai ɗinkin doguwa ce, ta kai shekara arba'in, abin awo rataye a wuya, idanunta sun faɗa. Mata biyu na zaune a benci suna jira. Ta gan shi ta ce sannu Baba, in ɗinkin maza ne ba ta yi. Ya ce ba ɗinki ya kawo ba. Ya so ya ce su keɓe, sai ya ga in ya jira ko minti ɗaya ba zai iya ba. A tsaye a bakin ƙofa, a gaban matan nan, ya faɗi komai: makulli, katako, soso, roba, har fankar da ya kashe. Ya ce Injiniya ba shi da hannu, shi ne, kuma ana ce masa Sau-ɗaya, rumfarsa na layin kafintoci.

Keken da ke aiki a ciki ya tsaya. Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da gefen mayafi. Mai ɗinkin ta daɗe tana kallonsa, kallon da ya kasa gane na fushi ne ko na mamaki.

"Kabad ka yi mata," ta ce.

"Kabad."

"Da soso."

"Da soso, 'yata."

Ya jira zagi, ya ma fi son a zage shi. Ya ce duk abin da ta yanke zai ɗauka, ko kantar shago ce, ko teburin yanka, ko sabuwar ƙofa, kyauta. Ta ce kayan katakonta lafiya lau suke, kuma ta ji irin kyautarsa. Ta shiga ciki ta fito da sabon littafi mai kauri da biro, ta jawo wata 'yar kujera ta ajiye a bakin ƙofa ta waje, inda duk mai wucewa zai gani. Ta ce hannu biyu gare ta, ba za ta iya awo da rubutu da ɗinki a lokaci guda ba. Tunda shi ma mai awo ne, ba zai rubuta bakwai a wurin tara ba. Za ta riƙa kira daga bayan labule, shi yana rubutawa, kullum daga safe zuwa azahar, har littafin ya cika.

"Kuma na gaji da amsa tambaya ɗaya," ta ce. "Duk wadda ta zo sai ta ce me ya sa za a sake auna ta. Daga yau kai za ka riƙa amsawa."

Ya zauna. Mace ta farko ta shiga bayan labule, murya ta fito: kafaɗa sha shida, hannu ashirin da uku, tsawo hamsin da takwas. Ya rubuta, lambobin suka fita tsaf. Kafin a gama da ta biyu labari ya kai layin kafintoci, ya hango biyu daga cikin maƙwabtansa sun zo sun tsaya a tsallaken titi, wai sayen ƙusa suka fito.

Can wata dattijuwa ta iso tana haki, da yadi a leda. Ta leƙa ta ce yau kuma wane sabon salo ne, shekara takwas ana yi mata ɗinki a nan, me ya sa aka kira ta ta taso tun daga bayan gari don awo? Daga bayan labule mai ɗinkin ta ce ta tambayi Baba.

Dattijuwar ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. Ya ɗago kai, ya gyara murya.

"Ni na ƙona awonki, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Ta ce ikon Allah, ta yaya? Ya fara daga makulli. Ranar mata goma sha ɗaya suka zo, kuma kowacce sai da ta tambaya.